Inshorar Motar Mai Labule

A layin da shagonta yake, babu mai kiranta da wani suna sai Mai Labule. Ko jikokinta, in aka tambaye su ina za su, sai su ce gidan Mai Labule. Tun tana da ƙuruciya take wannan sana'a. Ta je ta auna taga, ta dawo ta yanka, ta ɗinka, sannan ta koma da kanta ta rataya, don ba ta yarda wani ya rataya mata aiki a karkace. Shagon ƙarami ne, keken ɗinki biyu da dogon tebur na yanka, sai naɗaɗɗun yadi jingine da bango har kusa da rufi.

Motar kuwa ta mijinta ce, tsohuwa fara mai dogon baya, wadda in aka kwantar da kujerun baya sandunan labule suke shiga tsaf. Tun da ya bar aiki a gidan waya shi ke kai ta wurin masu saye, ya zauna a mota yana jin rediyo ita tana can kan tsani. Da idanunsa suka fara hazo, likita ya ce tuƙi ya ƙare, sai ta shiga makarantar koyon tuƙi da furfurarta, ta faɗi gwajin farko, ta ci na biyu. Daga ranar ya daina ce mata Maman yara, ya koma Direba.

Ya miƙa mata makulli, ya koya mata duba baƙin mai da ruwa da iskar taya. Abu ɗaya ne bai koya mata ba, shi ne takardun da ke ɗan akwatin gaban mota. Shi yake sabunta su duk shekara ba tare da ya faɗa wa kowa ba, kamar yadda yake canza ƙwan lantarki in ya mutu. Da mota ta koma hannunta, ya ɗauka takardu ma sun bi ta. Ita kuma ta ɗauka inshora kamar lambar mota ce, sau ɗaya ake yi a manta. Har ranar da rediyo ta sanar da cewa an tsaurara dokar masu tuƙi babu inshora, za a riƙa kwashe motocinsu nan take a kai su kotu, suna zaune tare a falo. Ya gyaɗa kai ya ce gara haka, mutane sun raina hanya. Ta ce gaskiya ne, ta ci gaba da warware zare.

Da safe aka tare ta, tana kan hanyar kai labulen wani asibitin haƙori. Jami'ar hanyar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autarta ba. Ta gaishe ta da ladabi, ta duba lasisi, ta zagaya ta haska lambar motar da wata 'yar na'ura. Sai ta ɗan jima a can baya, sannan ta dawo ta sunkuyo a taga.

"Mama, inshorarku ta ƙare tun bara."

"Ƙarewa take yi?" in ji Mai Labule.

Yarinyar ta dube ta, ta ga da gaske take tambaya. Ta sa ta ciro takardar inshorar daga akwatin gaban mota, ta nuna mata kwanan wata da yatsa.  Mai Labule ta yi bayanin idon mijinta, ta yi bayanin mai asibitin da ke jiranta, ta ce yau ɗin nan za ta je ta sabunta, ta rantse.

"Na yarda da ku, Mama," in ji jami'ar. "Da a da ne, gargaɗi zan yi muku ku wuce. Yanzu ba a hannuna yake ba. Sai dai in taya ku sauke kaya."

Ta kuwa taya ta. Ta rungume labulen a ƙirjinta don kada ya taɓa ƙasa, ta tsayar mata da tasi, ta riƙe ƙarshen sanduna har suka shiga. Mai Labule ba ta ce mata ko sannu ba. Ta tagar tasi ta ga an ɗaga gaban motar mijinta an ɗaure ta a bayan babbar mota kamar akuyar da aka kama tana ɓarna.

A gida, da ta ba da labari, maigidan ya shafa gwiwarsa. Can ya ce, "Laifina ne, Direba."

"To wa ya ce ba naka ba ne?" ta ce. Amma da ta ga yadda ya sunkuyar da kai sai ta tashi ta ɗora masa ruwan shayi.

Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta raka ta kotu. Ɗakin cike yake da masu irin laifinta, matasa da dattawa, har da wani mai kaftanin alfarma da ke ta duba agogo. Ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Alƙalin bai yi mata tsawa ba, bai kuma yi mata rangwame ba. Ya ci ta tara mai nauyi, ya dakatar da lasisinta na 'yan watanni, ya ce ba za a saki motar ba sai ta kawo shaidar sabuwar inshora. Da suka fito ta tsaya a kan matakala tana gyara mayafi.

"Ni da ban taɓa take ko kaza ba," ta ce. "Ga masu gudu kamar ana bin su, ga masu waya a kunne, sai ni aka gani."

"Mama, mu je mu yi inshorar dai," in ji Auta.

Suka yi. Ma'aikacin kamfanin ya yi ta bayanin abin da takardar ta ƙunsa, Mai Labule tana kallon labulen ofishinsa, wanda aka yanka gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba. Wani maƙwabci ya tuƙo motar gida, aka lulluɓe ta a ƙofar gida tana jira.

Watannin nan sun ba ta wuya. Ta koma hawa bas da ƙullin labule a ka da sanduna a hannu, ta zungure wannan a kafaɗa, ta ba wancan haƙuri. Wani kwandasta ya ce sai ta biya wa sandunan kujera. Ta rasa aikin wani babban ofis saboda ta makara. Duk wanda ya shigo shago, ko maɓalli ya zo saya, sai ya ji labarin yarinyar da ta ƙwace mata mota, da dokar da aka yi don a wahalar da talaka. Har masu shagunan kusa suka haddace, in ta fara sai su ƙarasa mata.

Da lasisi ya dawo, ranta ya yi fari. Ta wanke motar da kanta, maigidan yana zaune a kujera yana ba da umarnin inda ba a wanke ba, shi da ba ya gani sosai.

Ba ta daɗe da komawa tuƙi ba abin ya faru. Da yamma ne, an yi ruwa an ɗauke, kwalta tana ƙyalli. Ta ɗauko sabon yadi daga kanti, ta lafta shi a kujerar gefenta har ya tare rabin taga. Ta zo za ta karya kwana zuwa layinsu, ta duba gaba, ta duba madubi, ba ta ga abin da yadin ya rufe ba. Ƙara kawai ta ji, da wani abu ya daki gefen mota. Da ta fito, ga babur a kwance tayarsa tana juyawa, ga akwatin kayan aiki a buɗe, sukuddireba da wayoyi sun watse cikin ruwa. Ga kuma mutum a ƙasa, matashi, yana riƙe da cinyarsa, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Ta durƙusa a cikin taɓo kusa da shi. Ba ta san lokacin da ta cire mayafinta ta naɗe ta tallafe masa kai ba.

"Sannu ɗana, sannu. Ni ce, ban gan ka ba."

"Ku tattara min kayan aikina, Mama," ya ce ta tsakanin haƙora. "Kada a take su."

Mutane suka taru, wani ya kira motar asibiti, 'yan sanda suka zo suka auna, suka tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Ta bi shi asibiti. A can ta ji cewa mai gyaran firji ne, yana dawowa daga aiki. Likita ya fito ya ce ƙashin ya karye wuri biyu, sai an yi tiyata an sa ƙarfe, kuma zai daɗe bai taka ba.

Matarsa ta iso da goyo a baya, da alama daga girki ta taso. Mai Labule ta shirya jin zagi, ta ma fi son a zage ta. Amma matar ta tsaya ta dube ta kawai, ta ce a hankali, "Da ƙafar nan muke ci, Mama." Sai ta wuce ciki.

Mai Labule ta zauna a bencin baranda. Kanta ya fara zagaya shagonta, keke biyu, tebur, yadin da ke jingine. Ta ga an kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko an sayar da duka har da motar ba za su kai ƙarshen jinyar nan ba, balle abincin mace da jariri. Ta ga maigidan zaune a falo ba shi da wanda zai dogara da shi sai ita. Tana cikin haka Auta ta shigo da rigar aikinta, ta riƙe mata hannu.

"Auta, gobe ki nemo wanda zai sayi kekuna."

"Kekunan me, Mama? Ina takardar inshora?"

"Tana mota. Na nuna wa 'yan sanda, sun ce lafiya."

"Ba don nunawa kawai aka yi ta ba. Don irin wannan ranar aka yi ta."

Mai Labule ta dubi 'yarta. A duk watannin nan, ba ta taɓa ɗaukar takardar a matsayin wani abu ba sai kariya daga jami'an hanya. Auta ta kira lambar da ke jikinta a nan barandar, ta yi bayani, ta miƙa wa uwar waya ta amsa tambayoyi.

Ba a ce komai ya tafi sumul ba. Kamfanin ya aiko mutum ya ɗauki hoton mota da babur, ya tambaye ta abu ɗaya ta fuska uku. An nemi rahoton 'yan sanda, an nemi na likita, an ce su dawo, sun dawo an ce wanda zai sa hannu ya fita. Auta ta kusa yin faɗa da wani a waya. An kuma gaya wa Mai Labule ƙiri-ƙiri cewa inshorarta ta baɗi za ta fi tsada, tunda laifin nata ne. Amma an yi tiyatar a kan lokaci, kamfanin ya ɗauki nauyinta da magani da gashin ƙafa. Aka kai babur wurin gyara. Aka kuma yanka wa mai gyaran firji abin da zai riƙe gida har ya tashi.

Mai Labule tana zuwa duba shi duk bayan kwana biyu, da 'ya'yan itace a jaka. Da farko kunya take ji, ta tsaya a bakin gado kamar mai jiran hukunci. Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, ko da ciwo. Ya ce mata yanzu shi da firji sun zama ɗaya, kowa da ƙarfe a ciki.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani magidanci, mai fenti, ƙafarsa a rataye. Ya riga mai firji zuwa, amma har yanzu ba a yi masa aiki ba. Wata rana ta miƙa masa lemo, suka gaisa, ta tambaye shi abin da ya same shi.

"Mota ce, kamar shi," ya ce. "Sai dai wanda ya buge ni ba shi da inshora, ba shi da komai. Yaron kirki ne kuwa. Ya zo nan ya yi kuka, na yi kuka, ya tafi. Yana tsare yanzu. To tsare shi me zai yi wa ƙafata? 'Yan'uwa ne ke ta haɗawa, in ya cika a yi."

Ya ɓare lemonsa ya ci gaba da sha. Mai Labule ta fita baranda ta jingina da bango. Ta tuna safiyar da aka tare ta. Da yarinyar nan ta ji roƙonta ta ce wuce, ta san kanta, ba za ta je ofishin inshora ranar ba. Da ta kai labule, ta dawo shago, wani aiki ya taso, ta ce gobe. Da yanzu mai firji ne kwance yana jiran 'yan'uwa su haɗa, ita kuma tana inda yaron kirkin yake. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, tana godiya ga Allah a cikin ranta. Kafin ta tafi ta samu matar mai fentin ta saka abin da ya sawwaƙa a hannunta, ta kuma yi wa masu shagunan layinsu magana, su ma suka taimaka.

Da aka sallami mai firji, ta bi shi gida da gaisuwa. Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo a saman wani bene. Gadonsa yana ƙarƙashin taga, rana tana dukan fuskarsa tun hantsi, an rataya wani tsohon zane da ƙusa biyu amma bai rufe ba. Ta auna tagar da ido. Da ta dawo, ta zo da labule mai kauri, ruwan ƙasa, da shafi a ciki don ya tare zafi. Ta hau kujera da kanta. Matar gidan ta tsaya tana kallo, can ta ajiye jaririn ta zo ta riƙe mata kujerar.

"Ku yi a hankali, Mama. Majinyaci ɗaya ya ishe ni."

Wannan ce magana ta farko mai taushi da ta fito daga bakinta. Mai Labule ta yi dariya har sandar labulen ta kusa suɓuce mata. Daga ranar, in ta zo sai a miƙa mata jaririn. Ta kawo maigidan ma sau ɗaya, ta riƙo hannunsa har saman bene. Shi da mai firji suka yi ta musu a kan ƙwallo, har ta gaji ta ce za ta tafi ta bar shi.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ta riƙa lura da duk shingen da ta wuce, har wata rana ta hango jami'ar nan a wani shataletale. Ta samu wuri ta ajiye mota daidai, ta tako da ƙafa. Yarinyar ta gan ta tafe, ta gyara tsayuwa kamar mai shirin jin ƙorafi.

"Ba ki gane ni ba," in ji Mai Labule. "Ni ce mai labule. Kin taya ni sauke kaya."

"Na tuna, Mama. Ina fatan an saki motar."

"An saki. Na zo ne in ce na gode. Na zage ki a shagona fiye da yadda kike tsammani, ki yafe min."

Ta ba ta labarin a taƙaice, motoci suna wucewa ta gefensu. Yarinyar ta saurara, ta cire hularta ta mayar, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Mama, aikina kawai na yi," ta ce. "Amma tun da na fara, yau ne aka dawo aka ce min haka. Yaya ƙafar tasa?"

"Ya fara takawa da sanda."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ku gaishe shi."

Sandar ta daɗe a hannun mai firji kafin ya ajiye ta, kuma likita ya ce ɗan ɗingishin zai zauna. Mai Labule ta san wannan, kuma ta san babu kamfanin da zai biya shi. In ta gan shi yana jan ƙafar, sai wani abu ya soke ta a ƙirji, ba ta kuma ƙoƙarin kore shi. Yadi dai bai sake hawa kujerar gaba ba.

Wata rana da hantsi tana kan keke, maigidan yana zaune a bakin shago yana shan iska, wayarta ta yi ƙara. Mai firji ne.

"Mama, kuna ji na? Ku yi shiru ku saurara."

Ta dakatar da keken. Ta cikin wayar ta ji wani gurnani siriri mai tafiya daidai ba yankewa.

"Mene ne wannan?"

"Firjin wata mata ne, ya mutu tun makon jiya. Yanzu na tashe shi. Aikina na farko ke nan, na ce ku ne za ku fara ji."

 Ta tashi ta kai wayar kunnen mijinta, ya saurara da kyau, ya ce, "Wannan aiki ya yi. Ka ce mata ta bar shi ya huce kafin ta cika shi da kaya." Ta karɓi wayar ta sa masa albarka, ta ce ya gaida matarsa, ya kuma sauko benen mutane a hankali. Sannan ta goge idonta da gefen mayafi, ta koma ta zauna, ta gyara bakin yadin a ƙarƙashin allura, ta ci gaba da ɗinki.